Ƙaramar hukuma tana sayar wa mutum da yashi da siminti, ko shirin cutata ake yi?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu sani su taimaka mini. Ina zaune a Fatakwal, ina ɗan gini a ƙauyenmu, ƙanena ne a tsaye a kan aikin. Filin yana da kwari, sai an yi ciko kafin a zuba fandisho. Jiya ya kira ni ya ce wani ma'aikaci a sashen ayyuka na ƙaramar hukumarmu ya same shi, wai hukuma tana da tsarin sayar wa jama'a jar ƙasa da yashi da siminti a kan rangwame, kuma tifar hukuma ce za ta kawo har bakin fili. An yi lissafin tifa 12 ta ciko da buhu 100 na siminti, aka ce in tura rabin kuɗin yanzu. Lambar asusun da ma'aikacin ya bayar da sunansa take. Ƙanena ya ce ya san mutumin, ɗan gari ne, kuma ya ga tifar da idonsa da tambarin hukuma a jikin ƙofarta. Akwai irin wannan tsari da gaske?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Yaya, kada ka tura ko sisi tukuna. Tun daga maganar asusu da sunansa ni hankalina bai kwanta ba.

Abu Sumayya: Hajiya, a bi a hankali dai. A garinmu na sha ganin tifar hukuma tana sauke yashi a ƙofar gidajen mutane, kuma ba wanda aka kama. Ai taki ma a sakatariya aka riƙa sayar mana da shi a kan rangwame. In za a sayar da taki, me zai hana a sayar da siminti?

Tsohon Ma'aji: Baban Khalifa, Allah ya sa albarka a ginin. Na yi aiki a ɓangaren kuɗi na ƙaramar hukuma har na yi ritaya, to bari in faɗa maka abin da na sani.

Ƙaramar hukuma ba ta kasuwancin kayan gini. Ba ta da kantin siminti, ba ta da gurbi a kasafin kuɗinta na sayen rodi ko kwano don ta sayar wa mai gina gidan kansa. Simintin da za ka gani a sitonta an saye shi ne da sunan wani aiki: kwalbati, ko aji a firamare, ko ɗakin shan magani, ko rumfar kasuwa. Kowane buhu yana cikin littafin mai kula da sito, kuma ba ya fita sai da takardar da aka sa wa hannu, a rubuta aikin da za a kai shi. Saboda haka in an ce maka ga buhu 100 daga hukuma a ƙasa da farashin kasuwa, ɗayan biyu ne. Ko babu simintin sam, ko kuwa akwai shi amma na wani aikin jama'a ne aka karkato.

Maganar taki da Abu Sumayya ya kawo daban ce. Taki gwamnatin jiha ko ta tarayya ce ke saye ta sa tallafi, sannan a raba ta hanyar ƙananan hukumomi da mazaɓu, a sanar a rediyo, a faɗi farashi kowa ya ji. Ka taɓa jin an sanar da rabon siminti na sayarwa a rediyo?

Abu Sumayya: Ban ji ba, Baba. Amma tifar da nake gani fa? Ita ma ƙarya ce?

Tsohon Ma'aji: A'a, ɗana, idonka bai yi maka ƙarya ba. Akwai haya. Wasu ƙananan hukumomin suna ba da hayar tifa ko gireda ko tarakta idan ba a aiki da su, don samun kuɗin shiga. Wannan halal ne idan aka bi hanya: ka rubuta takarda, a amince, ka biya a ofishin kuɗi ko asusun hukuma, a ba ka rasit mai lamba da hatimi. Abin da ka biya kuɗin motar ne. Yashin da za ta ɗauko kai ne za ka saya a wurin masu haƙa. Akwai kuma wanda direba da ubangidansa ke fita da motar ranar Asabar da man hukuma, su yi lodi biyar ko shida su raba kuɗin. Daga bakin titi duka biyun kamarsu ɗaya. Rasit ne kawai ke raba su.

Direban Tifa: Baba ya gama magana. Ni sana'ata ke nan, yashi nake ɗauka daga Wudil da Challawa zuwa cikin Kano. Bari in nuna muku inda hukuma take shigowa cikin harkar, don a nan mutane ke ruɗewa.

Idan na isa bakin kogi, akwai masu wurin, akwai yaran da ke lodi da shebur, ko katafila in babban wuri ne. Su nake biya kuɗin yashi da kuɗin lodi. Ina fitowa kan hanya sai in tarar da ɗan benci da mai karɓar kuɗin shiga na ƙaramar hukuma, ya yago mini tikiti na kowane sawu. Ga kuma na ƙungiyarmu ta direbobi. To wannan tikitin mai sunan hukuma, idan na nuna wa mai gini cikin lissafi, sai ya ɗauka hukuma ce ta sayar da yashin. Alhali ita haraji ta karɓa a kan hanya, ba ta taɓa yashin da hannunta ba.

Alhaji Baban Khalifa, ka ce wa ƙanenka ya je tashar tifofi mafi kusa ya tambayi farashin ciko, mai taya 6 nawa, mai taya 10 nawa. Kuma mu a wurinmu sai an sauke kaya ake biya. Ba a ba direba rabin kuɗin tifa 12 tun bai tayar da mota ba.

Barista: In ƙara a kan na Baba ta fuskar doka. Ayyukan ƙananan hukumomi 774 da muke da su a rubuce suke a Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999. A ciki za ka ga kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, gina tituna da magudanan ruwa da kula da su, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har da ba da lasisin keke da amalanke da baro da kwalekwale. Babu sayar da kayan gini a ciki.

Shi kansa yashin da tsakuwar, ikon ba da izinin haƙarsu bai tsaya a hannun ciyaman ba. Sashe na 44 na tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007 sun sa ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, kuma mai son buɗe wurin fasa dutse ko haƙa mai girma a ofishin rajistar ma'adinai na tarayya yake neman lasisi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuma, a sashe na 12, ta ba gwamna ikon ba mutum izinin ɗibar dutse da tsakuwa da yumɓu da yashi don gini a filin da ba a mallaka wa kowa da takarda ba. Wannan ne ma ya sa ake yawan samun saɓani tsakanin tarayya da jihohi a kan wa ke da hakkin karɓar me a bakin rami.

Abin da ya fi damuna a lamarinka, ɗan'uwa, shi ne idan simintin na hukuma ne aka sato. Ranar da bincike ya taso, a filinka za a same shi, kuma karɓar kayan sata laifi ne mai zaman kansa a dokar hukunta laifuka ta Penal Code da ake aiki da ita a Arewa. Shi ma'aikacin yana iya cewa bai san ka ba. Kai kuma shaidar tura kuɗi tana wayarka.

Baban Khalifa: Subhanallah. Barista, ni wallahi rangwamen ne ya ja hankalina, siminti ya yi tsada. Amma ba na son in sa iyalina a gidan da aka gina da hakkin mutane.

Abu Sumayya: To ni a nan nake da magana, kuma ina roƙon a fahimce ni. Na yarda yanzu babu tsarin. Amma me ya sa babu? Talaka yana tara kuɗi shekara da shekaru don ya yi ɗaki biyu. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Muna da kamfanin BUA a Kalambaina ta Sakkwato, muna da Ashaka a Gombe, ga Dangote a Obajana, amma mutumin ƙauye sai ya saya a hannu na uku ko na huɗu, kowa ya ɗora ribarsa da kuɗin mota. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, me zai hana ciyaman ya ɗauko tirela daga kamfani, ya buɗe sito a sakatariya, ya sayar a farashin da ya sayo? Wannan ai taimako ne da kowa zai gani a ƙasa.

Maman Ilham: Malam Abu Sumayya, niyyarka mai kyau ce, amma ka tuna yadda takin da ka ambata yake ƙarewa. Mu mata mun sha tsayawa a layi tun safe, a ce buhu ɗaya mutum huɗu za su raba, washegari ka ga irinsa jibge a kasuwa a hannun 'yan kasuwa. Wanda yake da ɗan'uwa kansila ya samu, bazawara mai marayu ta koma gida hannu rabbana. In aka kawo siminti haka za a yi, sai dai ma abin ya fi muni, don shi ba ya jiran damina, kullum ana nemansa.

Injiniya: Ina goyon bayan Hajiya, kuma akwai dalili na sana'a. Siminti ba kayan ajiya ba ne. Yana shan danshi ko daga iska, in ya yi 'yan watanni a sito ƙarfinsa yana raguwa, in ruwa ya taɓa shi ya daskare ya tashi daga aiki. Ɗan kasuwa yana juya nasa da sauri don kuɗinsa ne a ciki, yana ɗora shi a kan katako, yana nisanta shi da bango. Sito na hukuma mai yoyon rufi, wanda makullinsa ke hannun mutum ɗaya da ya tafi ta'aziyya, ba zai iya wannan ba.

Mun ma taɓa gani a ƙasar nan. A 1975 gwamnati ta yi odar miliyoyin tan na siminti daga waje, ɗaruruwan jiragen ruwa suka cika tashar Legas suna jiran saukewa wata da watanni, ana biyan tarar jira, wani simintin ya daskare tun yana cikin jirgi. Ko a Fabrairun 2024 da farashi ya tashi, abin da gwamnatin tarayya ta yi shi ne ta zauna da kamfanonin, Ministan Ayyuka David Umahi yana wurin, aka yi matsaya a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Ba ta buɗe kanti ba.

In ciyaman yana son ya sauƙaƙa wa mai gini, ya gyara hanyar da tifa ke bi. Kaso mai yawa na kuɗin yashi a ƙauye kuɗin hanya ne: man da mota ke sha a cikin laka, tayar da ke fashewa, sawu biyu a rana maimakon biyar. Wannan kuwa aikinsa ne da doka ta ɗora masa.

Direban Tifa: Allah ya yi maka albarka, Injiniya. Akwai garuruwan da in damina ta zauna ko an ninka mini kuɗi ba na shiga. Kuma a rage yawan tikiti. Wani lokaci kafin ka kai kaya ka ratsa ƙananan hukumomi uku, kowacce da mai benci a bakin hanya. Duk a kan mai gini yake ƙarewa.

Abu Sumayya: Na ji hujjarku, amma ban sauka gaba ɗaya ba. Lalacewar masu riƙon amana ba ta isa ta sa a ce hukuma ta naɗe hannu ba. In siminti yana da wuyar ajiya, jar ƙasa fa? Ba ta ruɓewa. Hukuma ta ware wuri ɗaya, ta sa katafilarta, kowa ya zo ya saya da rasit. Ya fi yadda ake yi yanzu, kowa yana haƙa inda ya ga dama.

Injiniya: A wannan kam muna tare. Ware wuri ɗaya da sa ido a kansa abu ne mai kyau, ko da ba ita ke sayarwa ba. Ku dubi kududdufan cikin birnin Kano, asalinsu ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne tun zamanin tubali. Yau ana ta cike su ana gini a kai, ruwan da suke tarawa ya rasa wurin zuwa sai cikin gidaje. A ƙauyuka kuma ana buɗe sababbi a bayan gari, a ci rami mai zurfi a tafi a bar shi, damina ta cika shi, yara su je wanka. Kowa a nan ya san gidan da aka yi irin wannan rashi. A bakin kogi ma in aka matsa da ɗibar yashi kusa da gada ko gonakin fadama, gaɓar tana zaftarewa. Mai karɓar kuɗin tikiti yana zaune a wurin kullum yana gani. In hukuma za ta karɓi kuɗi a kan kowane sawu, to ta ɗauki nauyin cewa nan a haƙa, nan kada a haƙa, kuma wanda ya gama ya rufe.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina biye da ku. A wajenmu ma haka abin yake. Ma'aikatar magajin gari ba ta saida siminti, wurin 'yan kasuwa muke saye, na Malbaza ko wanda ya shigo daga wajenku. Abin da take amsa shi ne haraji bisa masu ɗibar yashi da jar ƙasa. Mai ɗan ƙaramin aiki kuma amalanken shanu ko na jaki yake kira su kawo mishi daga gulbi, ya fi mishi sauƙi da babbar mota.

Tsohon Ma'aji: Sannu da zuwa, mutumin Maraɗi. Bari in cike wani gurbi, don kada wani ya karanta ya ce ai shi ya taɓa karɓar kwano a sakatariya, ya ɗauka ƙarya muke yi. Kayan gini suna fita daga hannun hukuma zuwa hannun jama'a ta hanyoyin da na sani guda uku, kuma babu ciniki irin na kanti a cikinsu.

Akwai gudummawar aikin gayya. Unguwa ta kafa ƙungiyar taimakon kai da kai, za su yi magudanar ruwa ko su kewaye maƙabarta, su rubuto ta hannun mai unguwa da dagaci, sashen raya al'umma ya je ya duba, a ba su siminti ko a turo musu tifar yashi, su kuma su sa ƙarfinsu. Wannan na jama'a ne, ba a ba mutum don gidansa.

Akwai kayan agaji. In ambaliya ko gobara ko iska ta yi ɓarna, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, da takwarorinta na jihohi suna kawo kwanon rufi da ƙusa da siminti da katako, sau da yawa a sauke a sakatariya a raba bisa sunayen da aka tantance. Kyauta ne. Duk wanda ya ce ka biya, ko ya kawo maka irinsu sayarwa, to rabon wani wanda ɗakinsa ya rushe ne yake miƙo maka. Wannan shi ya fi ci mini rai a duk shekarun aikina, don na ga tsofaffi suna kwana a ajin makaranta da jikokinsu suna jiran bandir ɗaya na kwano.

Sai gwanjo. Tsofaffin motoci, kwanon da aka cire daga ginin da aka sabunta, ƙarafa da suka daina amfani. Kwamiti ne ke zama ya tantance, a liƙa sanarwa, mai gwanjo mai lasisi ya buga ƙararrawa a bainar jama'a. Sabon siminti ba ya shiga gwanjo.

Maman Ilham: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Yaya Baban Khalifa, ni da na yi nawa ginin, abin da ya taimake ni shi ne ajiya a wurin dila. Ka samu babban mai sayar da siminti da aka sani a garin, mai shago ba mai tebur ba, ka biya, ya rubuta maka rasit da adadin buhu, birkila ya riƙa ɗiban na aikin kwana biyu ko uku. Ba ka tara shi a fili ba balle danshi ko ɓarawo. Rodi a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano na saya, katako a Na'ibawa, kuma duk na sa an kira mini shago uku na ji farashi kafin in biya.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yanzu ya zan yi da mutumin? Ɗan gari ne, akwai zumunci tsakanin gidajenmu, ba na son abin ya zama gaba.

Barista: Ba sai ka zarge shi da komai ba. Ƙanenka ya ce masa Yaya ya ce zai biya, amma a ofishin kuɗi na hukuma, a ba shi rasit, kuma yana son ganin takardar da ta amince da tsarin. In hayar tifa ce ta gaskiya, zai kai shi ofishin da kansa. In ya fara cewa ai ba a yin haka, ko a bari tsakaninmu, kun sami amsa ba tare da kowa ya ɗaga murya ba.

Tsohon Ma'aji: Haka ne. Kuma ya duba rasit ɗin da kyau: sunan ƙaramar hukumar a buge, lamba a jere, a rubuta abin da aka biya dominsa. Takardar da aka yago daga littafin kanti aka buga mata hatimi ba rasit ɗin hukuma ba ce.

Direban Tifa: Alhaji, saura abu ɗaya tunda ba ka gari. Ko daga wa ka sayi cikon, a sa yaro amintacce ya zauna a filin yana ƙirga sawu, kuma ya hau ya leƙa cikin bodi kafin a juye, don wani lodin tudu ne a tsakiya, gefe da gefe wayam. Kada a karɓi baƙar ƙasa ko ta bola a matsayin ciko, tana zama daga baya daɓe ya tsage.

Injiniya: Kuma kada a juye tifa 12 a baje lokaci guda a hau gini. A riƙa zubawa kaɗan kaɗan, kamar tsawon tafin hannu, a yayyafa ruwa a daddaɓe, sannan a ƙara wani. Shi fandishon a haƙa shi har a tarar da asalin ƙasa mai ƙarfi, kada a ɗora shi a kan cikon. Yashin bulo kuma a gwada shi: a zuba a kwalba, a cika da ruwa, a girgiza a ajiye. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta hau samansa. In lakar ta yi kauri a canja wuri. Baban Khalifa, kwarin filin ya kai zurfin nawa, kuma ruwa yana kwanciya a wurin da damina? In yana kwanciya, turo mini hotonsa ta akwatin sirri kafin a kawo ko tifa ɗaya, don wataƙila magudana za a fara yi.